Wa zan ba, wa zan ce wa Allah ya ba da haƙuri? Fashin baƙi kan roƙo da bayarwa a Tawa

Duk mai ɗaukar albashi a Tawa ya san ranar da wayarsa take fara zafi. Tun saƙon banki bai shigo ba, labari ya riga ya kai ƙauye cewa an fara biya. Wani abokina malamin lakkol, wanda muke shan shayi a fada ɗaya, ya taɓa ajiye mana wayarsa a kan tabarma ya ce mu ƙirga da kanmu. Cikin kwana uku kacal, gwaggonsa daga wajen Buza tana neman kuɗin magani. Ƙanen matarsa ya maƙale a Agadas, ba kuɗin mota. A zauren WhatsApp na 'yan ajinsu ana haɗa gudummawa don wani da aka kwantar a Yamai. Kwamitin masallacin unguwa yana son sabon batir na sola. Sai kuma hoton wata yarinya da ƙafa a kumbure, ba wanda ya san ta, ga lambar tura kuɗi a ƙasa. Ya dube mu ya ce, "To ku gaya mani, wa zan ba, wa zan ce ma Allah shi ba da haƙuri?" Mai dafa shayi ya ci gaba da fifita gawayi, mu kuma kowa ya sunkuyar da kai, don kowa wayarsa haka take.

Tambayar ta fi yadda ake ɗaukarta nauyi. Ka hana, a sa maka suna: marowaci, mai hannun jarirai, ya samu wuri ya manta da nasa. Ka ba kowa, kafin 10 ga wata kai ma ka koma cin bashi wurin mai shago. Mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar nan ta Nijar jika 42 ne, wato sefa dubu 42, tun farkon 2024, galibin mutane ma ba albashin gare su ba. Abin da na lura da shi kuwa, buƙatun nan biyar duk da sunan "taimako" suka shigo wayar, alhali ba jinsinsu ɗaya ba. Iyayenmu sun rarrabe su, kowanne da sunansa da ƙa'idarsa. Mu ne muka zuba su tukunya guda, shi ya sa zuciya ke damun mutum a inda ba shi da laifi, ya kuma yi barcinsa lafiya a inda ya danne haƙƙi.

A fara da wadda bai kamata ma a roƙa ba, wato zakka. Manomin Adar ya san lissafinta tun bai san baƙi ba: dami goma na gero, ɗaya ba nasa ba ne. Noman ruwan sama ɗaya cikin goma, noman da aka sha wahalar ban ruwa ɗaya cikin ashirin, matuƙar amfanin ya kai nisabi, sa'i 300, kimanin kilo 650. Makiyayin Abalak in tumakinsa da awakinsa sun kai 40 zai fitar da ɗaya, shanu 30 ɗan maraƙi, raƙuma 5 tunkiya ko akuya. Ɗan kasuwa in kuɗinsa sun kai ƙimar zinariya giram 85 suka kuma shekara, ɗaya cikin arba'in, wato jika 25 a kowace miliyan. Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba a jihar da albasa take sarauta. A mazhabar Malikiyya da muke bi, albasa ba ta cikin amfanin gonar da ake fitar wa zakka ranar girbi, sai dai kuɗin da aka sayar in sun kai nisabi sun shekara a hannu. Kuɗin albasar Galmi kuwa sau nawa suke shekara? Kafin damina sun zama aure, sun zama bulo, sun zama babur. Ta haka manomin gero yake fitar da dami ɗaya cikin goma, mai cika kamyo da albasa ya wuce bai fitar da ko dala ba, kuma bai saɓa wa abin da aka karantar da shi ba. Imam Abu Hanifa yana ganin duk abin da ƙasa ta fitar a fitar masa. Ni ba malami ba ne, amma in da ni ke noman rani a Galmi, da wannan saɓanin ya hana ni sakewa.

Yadda ake raba zakkar ma abin dubawa ne. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da suka cancanta, har da wanda bashi ya yi wa katutu da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Malamanmu sun yarda a ba matalauci abin da zai ishe shi shekara. Amma je ka ƙofar wasu masu hali cikin azumi: an canjo sababbin takardun jika ɗaya-ɗaya, mutane sun yi layi cikin rana, mata da goyo ana turereniya, kowa ya karɓi abin da ba zai kai shi jibi ba. Baɗi su ne dai za su dawo layin. Da an dunƙule kuɗin an sai wa mutum biyar keken ɗinki ko amalanke da jaki, da ba a ga cincirindo a ƙofar gida ba, kuma a ganina nan gizo ke saƙar. Cincirindon ake so. Zakka ba ta zuwa ga wanda ciyar da shi ya wajaba a kanka, irin mata da 'ya'ya ƙanana da iyaye mabuƙata, amma gwaggo matalauciya ta cancanta, ƙanen mata da ya maƙale a hanya shi ma haka. Ga mai nisabi, biyu daga cikin saƙonnin wayar abokina ba alfarma suke nema ba, haƙƙinsu ne suke tambaya.

Biki kuma wani sha'ani ne daban, kuma mata sun fi mu gane shi. Abin da kika kai wa ƙawarki ranar suna a rubuce yake, ko a takarda ko a ka, ranar naki zai dawo da ƙari, sau da yawa ninki. Maigida yana ganin matarsa ta tada hankali a kan jika 2 na bikin wance sai ya ce almubazzaranci ne. Bai san ajiya take yi ba. A garin da talaka ba shi da inshora, biki da adashi su ne inshorarsa, shi ya sa da ƙungiyar CARE ta kawo tsarin Mata Masu Dubara a Maradi a 1991 ya kama nan da nan, don kan abin da mata suka sani aka ɗora shi. Gudummawar zauren 'yan aji biki ce ta sa rigar zamani. Ana jera sunaye, gaban kowane suna da adadin da ya bayar, duk wanda ya tura a sake watso jerin. Wanda sunansa bai fito ba har kwana uku ya san ana kallonsa. Ban ga aibun wannan ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai mutum ya gaya wa kansa gaskiya: rabin niyyar don Allah ce, rabin don ranar da shi ma za a kwantar da shi. In ya san haka zai bayar daidai ƙarfinsa, ba zai ci bashi don sunansa ya zauna kusa da na ɗan ajinsu da ya zama babban ɗan kasuwa ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne tsakanin dangi, kuma ba inda ya kai Adar sanin wannan. Ƙasa ce ta 'yan cin rani. Da an kai amfani rumbu samari sun kama hanya, wasu Abijan, wasu Kamaru, wasu Libiya da Aljeriya, wasu Najeriya, tun 2014 kuma ga wuraren haƙar zinariya irin su Jado. A da, in ana son a gaya wa ɗan cin rani wata buƙata, sai an sami mai rubuta wasiƙa ko an ɗauki murya a kasat, a ba direba ko wani mai tafiya, saƙo ya yi makonni a hanya. Nisan nan rariya ne. Abin da ya kai a aika, irin rasuwa ko rumbu ya ƙare ko an sa ranar aure, shi ke isa. Ƙananan buƙatu suna mutuwa a gida, a jira tsaraba. Yanzu roƙo ba ya cin komai, bip ɗaya ne, kai za ka kira da kuɗinka a gaya maka abin da za ka turo. Ga kamfanonin tura kuɗi, Nita da Al Izza da Amana, kafin ka ajiye waya an ce maka ana tsaye bakin kanta ana jiran lamba. Sauƙin nan alheri ne babba, ya ceci rayuka, ya hana a sayar da akuyar ƙarshe. Amma ya cire rariyar, tsakuwa da gari duk suna zubowa tare.

Shi kuma na can, wanda ke tura baro ko sayar da shayi, suna kwana su goma ɗaki ɗaya, ranar salla ya ari shadda ya ɗauki hoto jikin motar wani ya sa a Facebook. Ya ja wa kansa. Gida an ga hoto, an yanke hukunci ya samu. Na san waɗanda suka canza layi saboda wannan, kuma ban cika saurin zaginsu ba, ko da yake wanda ya canza layi har uwarsa ta rasa shi ba shi da uzuri. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka sa wa ƙasa takunkumi aka rufe iyakar Ƙonni, kayan masarufi suka hau, naira kuma ta yi ta zubewa, abin da ɗan cin ranin Kano ko Legas ke turowa in an canza shi zuwa sefa sai ya zama abin tausayi. Masu roƙo suka ƙaru a daidai lokacin da masu bayarwa suka raunana. Gajiyar da ake ji yanzu, wadda wasu ke kira ƙarancin imani, mafi yawanta daga nan ta fito.

Addini ya tsara wannan sarai: ka fara da waɗanda ke ƙarƙashinka, sadaka ga ɗan uwa kuma lada biyu gare ta, na sadaka da na zumunci. Matsalar ita ce "ɗan uwa" a Hausa ba shi da iyaka. Duk wanda kakarsa ta taɓa ɗaukar kakarka goyo ɗan uwa ne ranar biyan albashi. A cikinsu akwai wanda wuya ta kai shi bango, akwai wanda roƙo ya zame masa sabo, ya jera mutum shida yana bi da bi, kowa da ranarsa. Na biyun ya fi iya magana, don ya daɗe yana gwaji.

Sai sadakar bakin hanya, dala 5, dala 10, dala 20, wadda ake miƙa wa makaho da kuturu da almajiri, musamman ran Juma'a. A nan ya kamata mu yi wa kanmu adalci. Sau nawa muke bayarwa don halin da mai karɓa yake ciki? Mutum ya yi mugun mafarki, ko zai hau hanyar Yamai, ko ɗiyarsa za ta zauna jarrabawa, malam ya ce a yi sadakar masa bakwai ko farin goro. Tun muna yara ake gaya mana sadaka maganin masifa ce. Mai bayarwa a irin wannan hali shi ke neman mai karɓa, har ya tsaya yana waige-waige in bai gan shi ba. Inda ake neman abu kuwa kasuwa za ta ci. Yi lissafi: mutum 200 su ba ka dala 5 kowanne, wato sefa 25, ka tashi da jika 5 a wuni. Mai ƙaramin albashi in aka raba masa jika 42 ɗinsa a kwana 30, bai kai jika ɗaya da rabi ba. Ba kowane mabaraci ke samun haka ba, amma wanda ya sami mahaɗar hanya mai kyau a babban birni, da me za ka lallashe shi ya koma gona?

Wannan lissafin ne ya kai mu ga abin kunyar watan Maris na 2022, lokacin da wani gidan talabijin na Senegal ya nuna 'yan Nijar, galibi mata da yara, suna bara a titunan Dakar, gwamnati ta aika jirgi aka kwaso kimanin mutum dubu. Bayan 'yan watanni aka kwaso wasu daga Ghana. Mafi yawansu daga wajen Kance da Magarya suke, a jihar Damagaram. Kafin nan, a watan Oktoban 2013, an tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, fiye da rabinsu yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Dokar hukunta laifuka ta ƙasar nan ta daɗe da haramta bara, gwamnan Yamai ma ya ba da sanarwar hana ta daga 1 ga Mayun 2022. Duk wanda ya ratsa Yamai bayan nan ya san inda sanarwar ta tsaya. Doka tana kama hannun da ya miƙo, hannun da ya saka kuwa ba mai taɓa shi, kuma shi ke riƙe da kasuwar.

Almajiri ban sa shi cikin wannan buhu ba. Yaro ne, yunwa yake ji, ba shi ya kawo kansa ba. A da kusan kowane gida yana da almajirinsa, uwar ɗaki ta san sunansa da garinsu, tana ajiye masa tuwo, ya ɗebo mata ruwa, in ya kwana biyu bai zo ba ta aika makaranta a dubo shi. Yau dala 10 ake cilla masa daga kan babur, ba a ko dubi fuskarsa ba.

Mutane kan rikice a kan abin da addini ya ce game da mai roƙo, don kowa ɓangaren da ya yi masa daɗi yake riƙewa. Mai roƙo ya haddace ƙarshen Suratud Duha, inda aka hana yi masa tsawa. Mai hanawa ya haddace hadisin da ya ce mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa roƙon mutane, da wanda ya ce hannun sama ya fi na ƙasa. Duka gaskiya ne, kuma ba su ci karo ba. Hadisin Ƙabisa ya taƙaita halaccin roƙo ga mutum uku: wanda ya ɗauki nauyin biyan wani abu don sulhunta mutane, wanda annoba ta cinye dukiyarsa, da wanda talauci ya kama har masu hankali uku daga mutanensa suka shaida. Kalmar shaida a kula da ita, tana nuna bincike ba rashin imani ba ne. An hana ka wulaƙanta mai roƙo, ba a ce dole duk wanda ya roƙa sai ka ba shi ba. Suratul Baƙara ma cewa ta yi kyakkyawar magana ta fi sadakar da cutarwa ke biye da ita. "Allah shi ba mu" da sakin fuska ya fi jika guda da aka jefa tare da "kullum ku ke nan". Gori kuwa, wanda muka ƙware a kansa, aya ta 264 ta ce yana ɓata sadakar ɗungurungum.

Mu dawo kan hoton yarinyar, da ɗan uwansa na masallaci, wato mutumin da ke miƙewa bayan sallama da takardar magani a hannu. Buƙatar jinya gaskiya ce, kada a raina ta. Tun 2006 aka ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta ne, a watan Satumban 2024 kuma an rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi. Amma maganin da za a rubuta maka ka saya a farmasi yana nan, in aka tura ka Yamai tafiyar fiye da kilomita 500 ce, ga cin mai jinya, ga wurin kwanansa. Gida mai rufin asiri ciwo ɗaya kan tone shi. Sai dai 'yan damfara su ma sun san haka. Ni kaina na taɓa ba wani jika 3 a kan takarda, bayan wata biyu na same shi a wani masallaci da takardar nan dai, ta yi laushi don ninki, yaron da ya ce yana kwance har yanzu bai tashi ba bai kuma mutu ba. Jika ukun ba su dame ni ba kamar abin da ya biyo baya: na yi kusan shekara duk mai takarda kallon maƙaryaci nake yi masa, kuma tabbas a cikinsu akwai masu gaskiya. Ɓarnar ɗan damfara ke nan, abincin na bayansa yake zubarwa. Dabarar da mutane da yawa suka koma yi ita ce su ce "taho mu tahi farmasi". Mai gaskiya zai bi ka har da addu'a. Ɗayan zai tuna yana da uzuri.

Akwai kuma farashin da mai gaskiyar ke biya wanda ba a lissafawa. Kafin a taimake shi sai an ɗauki hoton ciwonsa, wani lokaci a wurin da ko surukinsa bai kamata ya gani ba, an watsa wa duniya. An taimaka an sake ɗauka yana riƙe da kuɗi yana godiya. Hoton ba ya gogewa. Yarinyar za ta warke ta girma, ta iske shi yana yawo, wataƙila da lambar wani a ƙasa.

Me ya sa ba a ba ƙungiya ko hukuma ta tantance ta raba, kowa ya huta? Tarihi ne ya koya wa mutane su fi yarda da hannu da hannu. A yunwar 1973 zuwa 1974 abincin agaji ya shigo ƙasa, kuma yadda aka yi da shi yana cikin dalilan da sojoji suka bayar ranar 15 ga Afrilun 1974 da Seyni Kunce ya kifar da Diori Hamani. Tsofaffi suna tuna yunwar El Buhari ta 1984. A 2005, yara suna mutuwa a Maradi da Tawa da Damagaram, shugaba Tanja yana cewa babu yunwa. Wanda ya ga waɗannan in ka ce masa kawo a tara a raba, sai ya tambaye ka wa zai riƙe. A watan Oktoban 2023 an kafa asusun haɗin kai don ceton ƙasa, wanda ake kira FSSP, mutane da ƙungiyoyi suna kai gudummawa ana nunawa a talabijin, ana kuma cire dala 2 a kiran waya da sayen intanet. Ko mene ne ra'ayin mutum a kansa, ya ƙara wani rukuni a cikin tukunyar: abin da ake kira gudummawa, wani sashensa da son rai, wani sashen cirewa ake yi.

Ƙananan kwamitocinmu ma ba su taimaki kansu ba. Ka tambayi ina aka kwana a kuɗin batirin bara, a ce maka, "Don Allah ka bayar, mi ya kawo tambaya?" Wannan magana ba ta da tushe. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Annabi (SAW) da kansa ya yi wa mai karɓo zakka lissafi, da mutumin ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, ya hau mumbari ya tambaya me ya hana shi zama gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Kwamitin da ke liƙa takardar shiga da fita a bangon masallaci ba ya shan wahalar tara kuɗi. A gefe guda kuma, mun fi son ba da kuɗin abin da za a liƙa wa allo. Sabon masallaci kusa da wani masallacin yana samun mai ginawa, famfon unguwa da ya lalace wata shida ba ya samun mai sayen ƙarfe ɗaya, alhali da ruwansa ake alwala.

Duk wannan hayaniya akwai wanda ta binne, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Aya ta 273 ta Baƙara ta siffanta wasu matalauta da wanda bai sani ba zai zaci mawadata ne saboda kamun kai, ba sa nacin roƙon mutane. Suna nan a kowace unguwa ta Tawa, daga Bilbis har sababbin unguwannin bayan gari. Matar da ta fita takaba da 'ya'ya biyar. Tsohon ma'aikacin da ke wanke rigarsa ɗaya da dare ya sa da safe. Magidancin da rumbunsa ya ƙare a watan Agusta, gero bai nuna ba, ya gwammace ya sha ruwa ya kwanta da ya buɗe baki. Ba su cikin zauren WhatsApp, ba za su yarda a ɗauke su hoto ba, ba za su yi layi ƙofar Alhaji ba. Tsarin da muke ciki yanzu mai ƙarar murya yake saka wa, kuɗin da mutum ya ware na alheri kafin ya waiwaya masu bip sun cinye.

Da can akwai hanyoyin da ake kai musu ba tare da an tone su ba. Ciyayya tana cikinsu: magidanta su fito da akussansu ƙofar gida bayan magariba a ci tare, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya zauna ya ci, ba mai cewa ina naka. Mata suna aika yara da kwano gida-gida, kuma uwar gida ta san kwanon da za ta cika ta danna. Liman da mai unguwa sun san gidan da hayaƙi bai tashi ba. Yanzu katanga ta yi tsawo, ƙofa ta zama ta ƙarfe, kowa yana ci a ɗaki gaban talabijin. Wanda ya rage da wannan sani shi ne mai shago, don littafin bashi yana hannunsa. Ya san wanda ya koma sayen rabin tiya, ya san wanda ya daina aiko yaro don kunyar abin da ake bin sa. Na san masu zuwa wurinsa a ɓoye su ce duba shafin wane ka soke, kada ka ce ni ne. Ba a jera sunansu a ko'ina, kuma a lissafina kuɗinsu ya fi na kowa isa inda ya kamata.

Abokina dai ga yadda ya yi a wancan watan. Don gwaggo, ya kira wani ɗalibinsa na da a Buza ya sayo maganin ya kai mata. Ƙanen matarsa kuwa, abokina ya tura masa rabin kuɗin mota, ya ce sauran ya nemi yayyensa. Zauren 'yan aji ya sa jika 2, sunansa ya fito ƙasa-ƙasa, ya ce ya gani. Kwamitin masallaci kuma, ya ce musu su kawo farashin batirin a rubuce, har yau ana kawowa. Hoton yarinyar ne ya bari, ya kwana huɗu yana buɗewa yana rufewa. Ran na biyar ya kira lambar don ya tambayi asibitin da take, ya ji ta a kashe. Ya sake kira da dare, a kashe. Har yanzu in zancen ya taso a fada yakan ce bai sani ba, ko yarinyar ta rasu ne, ko tun farko babu ita.